Haɓar Zanen Laure

Duk wanda ya zauna unguwar Sersuf a Tamanrasat farkon shekarun saba'in ya san Mushe Harisu, in ma bai san fuskarsa ba ya san allonsa. Tsohon ƙyauren ƙofa ne aka shafe da baƙin fenti, kullum yana jingine da katangar makarantar Malam Jaji. Mushe shi ne sunan da mutanen Nijar ke kiran malamin lekkol, wato makarantar boko, da shi, kuma Harisu bai ci sunan a banza ba. Ya koyar a wani ƙauye na Damargu har shekarar da fari ya watsa garin, ya wayi gari daga shi sai bencinan aji. Da ya ga zaman ba na yi ba ne, ya hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya bi mutane arewa har ya tsallake iyakar Nijar. A Tamanrasat da rana siminti yake kwaɓawa a wani shantiye, wato wurin gini, da ke unguwar Tahaggart. La'asar na yi sai ya wanke hannu, ya zura farar rigarsa tilo, ya ɗauki alli, ya koma mutum.

Yaran da ke zama gabansa 'ya'yan mutanen Damagaram ne da Maraɗi, waɗanda suka daɗe a garin har suka samu sa 'ya'yansu lekkol ɗin gwamnati. Can da Larabci ake yi musu da Faransanci, su kuwa Hausa suka tsotsa, a gida kuma babu mai iya duba musu ko baƙi ɗaya. To wannan giɓin Harisu ke cikewa. Ya sa su karatu da ƙarfi, ya yi musu shifta, ya warware musu tarihin da ke cikin littafinsu da Hausa, in ya ga sun fara hamma ya ƙara musu da labarin ganuwar Damagaram. Amma inda ransa yake shi ne kimiyya. Mutum ne mai kirki, sai dai yana da cutar nan da ke kama wasu malamai: ba ya iya ganin abu ya ƙyale shi bai faɗi dalilinsa ba. Ko shayi ka miƙa masa, kafin ya kurɓa sai ka ji abin da ke sa kumfa tashi.

Malam Jaji, mai katangar, shi ke da yaran da asuba kafin su tafi lekkol. Dattijo ne mai son raha, kuma bai taɓa barin Harisu ya jingina allo cikin salama ba.

"Ni in cika tulu da asuba, kai ka zo da yamma ka huda mini shi."

"Ai Malam, tulun da ba a ɗiba, ruwansa wari yake yi."

Sai su yi dariya, Malam Jaji ya sa a kawo tabarma.

Cikin yaran akwai Laure, ɗiyar Mati magini. Shekarunta ba su wuce goma sha biyu ba, siririya ce, ba ta da yawan magana. Abin da aka san ta da shi a unguwa shi ne ido. In kana magana sai ta kafe ka da shi, ba ƙiftawa, har ka dire. Matan unguwa sun yi faɗa har sun gaji, ban da Gwamma mai ƙosai, wadda ba ta san gajiya ba a harkar gyaran 'ya'yan mutane.

"Ke, sauke idonki! Babba na magana kin tsare shi kamar ya ci miki bashi. Lekkol dai ba ta bar kunya a fuskar kowa ba."

Harisu kuwa wannan idon ne abincinsa. Shi ya san ba tsaurin ido ba ne, yunwar sani ce. In ya juyo daga allo ya tarar da shi a kansa, sai ya ji gajiyar siminti ta sake shi.

A bazarar 1973 Laure ta zauna jarrabawar shiga kwaleji, aka shiga jiran sakamako. Kafin ita babu wani ɗan mutanen Nijar a wannan lungu da ya kai nan. Harisu ya ɗora ransa kacokan a kan wannan al'amari. Shi kansa an cire shi daga makaranta bai ƙoshi ba, don haka ya riga ya gama tsara wa yarinyar hanya: kwaleji, daga nan gaba, har ranar da zai shiga asibiti ya tarar da ita cikin farar riga. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ce Mushe ya zautu.

Iyayenta ma suna so, sai dai ba a jin haka a bakinsu, don Laure 'yar fari ce. Mati bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Daso, uwarta, ta fi shi tsanani, ko kallonta ba ta yi gaban mutane. Amma wanda ya lura zai ga littattafan Laure kullum a lulluɓe da takardar buhun siminti da aka goge tas, an ɗinke gefenta da zare. Wannan aikin Daso ne, kuma da za ka tambaye ta sai ta ce ba ta san zancen ba.

Ana cikin wannan jira rediyo ta fara sanar da cewa ƙarshen watan Yuni za a yi husufin rana. Direbobin da ke zuwa daga Agadas suka ce Turawa sun cika can da manyan madubai, wai a wajensu dare zai yi da tsakar rana. A Tamanrasat ba za ta rufe duka ba, za a bar ɗan baki. Unguwa ta ɗauki zance. Wasu suka ce fari bai isa ba ga kuma wannan, lalle duniya ta zo ƙarshe. Harisu kuwa kamar an yi masa bushara. Shekara nawa yana zana wa yara ƙwallaye a allo yana cewa wannan rana ce wannan wata, yau ga Allah zai zana musu da kansa a sama.

Ana gobe abin zai faru ya zo da gutsattsarin gilashin taga da ya tsinto a shantiye, ya riga ya goge bakinsu a jikin dutse don kada su yanki kowa. Ya kunna fitila ya cire mata kwalba, ya ɗaga lagwani har ta fara hayaƙi, ya riƙa bin gilashin ɗaya bayan ɗaya yana turarawa har su yi baƙi ƙirin. Haka aka yi wa su Harisu suna yara a lekkol, haka kuma yake rubuce a tsohon littafinsa. Ya ari tumatir guda wajen wani mai kayan lambun ƙauyen Tahifet ya ce shi ne wata, fitila ita ce rana, kan wani yaro kuma duniya. Ya zagaya da tumatir har inuwarsa ta faɗa a goshin yaron, aka bushe da dariya.

"Kun gani? Ba zazzaɓi rana za ta yi ba, ba kuma kama ta aka yi ba. Wata ne zai gitta, ya wuce abinsa. Amma ku ji da kyau: kada wanda ya kalli rana da ido tsirara. Sai ta cikin wannan." Ya ɗaga gilashi ɗaya. "Gobe da safe ina shantiye, amma shef, shugaban aikinmu, ya ce zai sake ni kafin a fara. Kowa ya tafi da nasa gida. Ku adana shi kamar idonku."

Sannan ya ɗauko littafinsa na kimiyya mai hotuna, wanda ya taho da shi tun daga Damargu, ya ce wanda ya fi kowa lura da abin ya zo ya ba da labarinsa daidai, shi zai ci littafin.

Laure ta kafe shi da ido. "Mushe, daga farko har ƙarshe?"

"Har ƙarshe," in ji shi, yana murmushi.

Ya koma masaukinsa yana ganin bai bar komai ba. Mutumin da ke bayanin kumfar shayi, abu guda da ya wajaba ya bayyana shi ne ya tsallake, don a ganinsa ko jariri ya sani: ba gilashin ke tsare ido ba, baƙin hayaƙin ne, kuma ba a son komai ya taɓa shi.

Washegari shef bai cika alkawari ba. An fara zubin kankare, shi kuwa ba a barinsa rabi. Harisu na ɗaukar kwano yana duban inuwarsa a ƙasa, har ya ga hasken ya fara canzawa, kamar an dama shi da toka. Da aka sake shi, da gudu ya yanko daga Tahaggart, ko hannu bai wanke ba.

Ya tarar da Sersuf a hargitse. Ƙananan yara na dukan gwangwani da tsofaffin kwanoni suna salati, mata sun rufe tukwane sun shige ɗaka, Malam Jaji ya tara maza yana jan sallar husufi. Iska ta yi sanyi, kaji sun rasa abin yi sun nufi akurki. Ɗalibansa suna kan wani tudu a bakin ƙorama, kowa da gilashinsa. Suna ganinsa suka yanyame shi, kowa na son ya faɗi nasa. Da aka sallame salla manya ma suka zo, waɗanda jiya ke cewa wasan Nasara ne, yau suna wawar gilashi a hannun 'ya'yansu. Malam Jaji da kansa ya miƙo hannu.

"Kawo in ga ƙaryar taka."

Ya ɗora a ido, ya ɗaga kai sama. Can ya ce, "Subhanallahi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya jera su." Ya miƙa wa Harisu gilashin da hannu biyu.

Laure na can gefe ita kaɗai, ta ɗora ƙafa a kan dutse, fuska a sama. In ido ɗaya ya cika da ruwa sai ta mayar da gilashin ɗayan. Harisu ya hango ta ta saman kawunan mutane ya ɗaga murya.

"Laure, kina gani?"

"Ina gani, Mushe! Ta koma kamar yankan farce!"

Hawaye na bin kuncinta. Ya gani sarai, ya ɗauka na murna ne, don shi ma nasa idon ya cika. Taku goma bai kai tsakaninsu ba. Wani ya ja hannun rigarsa yana tambaya ko ranar za ta dawo, ya juya yana bayani. Tun da ya bar Damargu bai yi wuni mai daɗin wannan ba.

Da yamma Laure ta ba da labarin abin tiryan-tiryan, daga gefen da baƙin ya fara ci har gefen da ya fita, babu wanda ya kamo ƙafarta. Ya miƙa mata littafin gaban kowa. Ta ce idonta na ɗan yi mata walƙiya, ya ce gajiya ce, ta je ta kwanta.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Mati ya same shi a shantiye. Mati ba mutum ne mai barin aikinsa ya bi wani ba, don haka tun kafin ya yi magana Harisu ya san ba lafiya ba.

"Mushe, ka zo ka duba yarinyar nan. Ta ce wani abu ya tsaya mata a ido. An hura, an wanke, bai fita ba."

Suka tarar da ita zaune a inuwar katanga, littafin buɗe a cinyarta. Idanun nan lafiya lau a gani, ba ja, ba kumburi.

"Mushe, kamar an ɗiga mini toka a tsakiya," ta ce. "Duk inda na duba yana bi na. Ina ganin gefen takarda, ina ganin yatsana. Kalmar da nake so ita ce babu."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Ya ce ta kawo gilashinta. Ta shiga ɗaki tana lalube a inda ba ta saba lalube ba, ta fito da shi. Harisu ya ɗaga. Ta cikinsa ya ga katanga, ya ga igiyar shanya, ya ga fuskar Mati. Ɗan dishi-dishi ne kawai ya rage, kamar ruwan shayi na uku.

"Wa ya goge shi?"

"Ba wanda ya goge, Mushe. Haka na kwance shi."

"Kika kwance shi daga ina?"

Daga bayan labule aka amsa. Muryar Daso ce, wadda Harisu bai taɓa jin ta haɗa masa kalma biyar ba.

"Ni na ɗaure mata. Ta zo da shi a tafin hannu ta ce Mushe ya ce a adana kamar ido. Na ga ƙannenta za su fasa. Na naɗe mata shi a haɓar zane, na ƙulle tamau, yadda nake ƙulle abin da ba na so ya ɓata. Da shi ta kwana."

Hannu ya fito ta gefen labulen riƙe da zane shuɗi mai fari. A haɓarsa ga tabo baƙi, faɗin tafin hannun yaro. An wanke, bai fita ba.

Daga baya Harisu ya bi sauran yaran ɗaya ɗaya. Wannan a kan katanga ya yar da nasa, wancan a ramin bango, wani ma ya manta da shi a zauren Malam Jaji sai da safe ya tsinta. Nasu duk yana nan baƙi ƙirin, kuma ɗan leƙe suka riƙa yi suna komawa dukan gwangwani. Ita kaɗai ta ji maganarsa ta riƙe, ita kaɗai ta samu uwar da ta taya ta riƙewa.

A asibiti likitan Faransanci yake yi, Mati kuwa ba ya ji, don haka Harisu ne tafinta. Likita ya haska idon, ya daɗe yana dubawa, ya tambayi abin da ya faru. Da ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce rana ta ƙona wurin da ido ke karatu da shi, can ciki. Ya ce wasu yana dawo musu cikin 'yan watanni, wasu ba ya dawowa, babu maganin da zai ba da sai jira. Ya ce gilashin hayaƙi ko ya yi baƙi ba abin dogara ba ne, balle wannan. Sannan ya tambaya wane sakarai ne ya raba wa yara shi.

Harisu ya juya wajen Mati ya fassara. Zai iya tsallake ta ƙarshen, babu mai kama shi. Bai tsallake ba.

"Yana tambaya wane sakarai ne ya raba wa yara gilashin."

Mati ya dubi ƙasa. Ya murza hularsa a hannu.

"Ka ce mishi abin da Allah ya rubuta ne."

Da Mati ya zage shi, ko ya shaƙe wuyan farar rigar nan, da Harisu ya samu inda zai ajiye kayan da ya ɗauka. Amma Mati bai ba shi wannan sauƙin ba. A hanyar komawa ma shi ya riƙa ba Harisu haƙuri, yana cewa ai alheri ya nufa.

Aka shiga jira na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. Malam Jaji ya daina tsokana. Kullum da asuba yana yi wa Laure tofi, ya rubuta allo a wanke mata ta shafa. Harisu, wanda da can zai tsaya yi maka bayanin abin da ke cikin tawada, shi ke ɗaukar ƙoƙon rubutun ya kai gidan Mati da hannunsa, yana tafiya a hankali kada ya zube.

Bai tsaya nan ba. Ya lura in Laure ta ɗan kau da kai gefe, abin da ke gabanta na fitowa ta wutsiyar ido. Ya nemo gawayi ya riƙa rubuta mata baƙaƙe a katangar gidansu, kowane kamar tsawon hannu. Yarinyar da ke cinye shafi kafin ya gama goge allo, ita ce ya koma koya wa harafi ɗaya ɗaya, fuskarta na kallon wani wuri. Tana kama su kuwa. Sati na zagayowa ya rage girmansu, ta kama. Ya sake ragewa, ta kama da ƙyar. Da suka sauko girman rubutun littafi sai tokar ta haɗiye su. Nan suka tsaya, kullum nan suke tsayawa.

Ana haka sakamako ya fito. Mati ne ya je lekkol ya jiyo. Ya shigo gida Harisu na tsaye da gawayi a hannu, ya tsaya tsakar gida kamar baƙo. Bai ce "yarinyar nan" ba.

"Laure," ya ce. "Kin ci."

Yarinyar ta juyar da kai gefe don ta ga ubanta. Babu wanda ya yi guɗa. Daso ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki, aka jiyo ta tana kuka da zane a baki, kukan da ba ta taɓa yarda a ji ta yi a kan 'yar fari ba.

Da aka buɗe makarantu Laure ta tafi kwaleji da sabuwar riga. Aka sa ta bencin gaba. Abin da duk aka faɗa da baki tana riƙe shi, tarihi kuwa ko malaminsu sai ya yi da gaske. Da yamma Harisu ya sallami sauran yara da wuri ya zo ya karanta mata darasin gobe, ta haddace. Amma allon aji ba ya jira, jarrabawa kuma ba da baki ake yi ba. Shafi guda sai ya cinye mata yamma ɗungum, ta tashi da ciwon kai har da amai. Rubutunta ya riƙa hawa kan juna don ba ta ganin bakin alƙalami. Shugaban makarantar mutumin kirki ne, ya yi haƙuri iyakar yinsa, ya ce akwai makarantar masu irin wannan lalura can arewa, tafiyar kwanaki a mota. Mati ya ce ba zai iya jefa ɗiya mace ita kaɗai bayan hamada ba, cikin mutanen da bai san kowa ba. Harisu ya buɗe baki zai yi gardama, ya tuna shawarar wa aka bi a baya, ya rufe.

Suka koma wajen likita da sanyi ya fara shigowa. Ya haska, ya girgiza kai. Wannan karon Harisu bai sha wahalar fassara ba.

Wata la'asar, cikin tsananin sanyin nan na Tamanrasat da ke sa mutum neman rana kamar ƙadangare, Harisu ya jingina allonsa yara ba su kai ga zuwa ba. Sai ga Laure, ba da rigar lekkol ba, rungume da littafin nan mai hotuna. An lulluɓe shi da takardar siminti, an ɗinke gefe da zare. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye littafin a tabarma.

"Mushe, na ce wa Baba na bari. Ba shi ya ce ba, ni na ce."

"Laure, ki ƙara haƙuri. Ko zuwa ƙarshen shekara. Zan riƙa..."

"Ka rame, Mushe. Sauran yara ma sun koma baya, kullum kana wajena." Ta tura littafin gabansa. "Ka ba Barira, wadda muke zama tare gaban allonka. Tana son hotunan, kunya take ji ta tambaya."

"Naki ne. Ke kika ci shi."

"Na haddace shi ai. Ka karanta mini shi kaf."

Duk bayanan da ke cikinsa, na wata da rana da kumfar shayi, babu ɗaya da ya zo masa. Abin da ya fito shi ne, "Ki yafe mini."

"Inna ma haka take cewa in ta ɗauka na yi barci." Ta ɗan yi murmushi. "Mushe, na gani fa. Duk yadda ka faɗa haka ya faru. Ta gefen da ka ce zai shiga ta nan ya shiga. Har yanzu in na rufe ido ina ganin ta, 'yar siririya. Ba wanda ya gan ta kamar ni."

Tana maganar fuskarta na wajen katangar Malam Jaji, haɓa a sunkuye kaɗan. Haka take yi wa kowa yanzu. In ta dubi mutum kai tsaye, toka take gani a inda fuskarsa take.

Daidai nan Gwamma mai ƙosai ta ɓullo daga lungu da ƙullin kaya a ka. Tun kafin husufi ta tafi ganin gida Maraɗi, ranar ta sauka daga mota, ba ta ji komai ba. Ta tsaya ta ƙare wa yarinyar kallo, durƙushe gaban malaminta, kai a kauce. Ta tafa hannu.

"Kai, madalla! Wa nake gani haka, ɗiyar Mati? Mushe, ashe lekkol ɗin taku na koya kunya? Dubi yadda ta sauke ido. Yanzu kika zama mutum, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Inna. Sannu da hanya," in ji Laure.

Gwamma ta wuce tana ta sa albarka. Harisu ya riƙe allin da ke hannunsa har ya karye. Laure ba ta juyo ba. Fuskarta na wajen katanga, shi kuwa ya san kallonsa take yi.